Zaren Kiɗanmu a Fadamar Maje

Abin da ya fara kama mini ido ɗan tulu ne yana juyawa. Na taso daga makarantar da nake koyarwa da azahar, na biyo ta layin masu gyara a unguwar Magajiya, sai na hango garmaho a kan benci a ƙofar wani shago, da baƙin faifai a kansa. A tsakiyar faifan akwai takarda rawaya, an zana tulu irin na Gwari, ƙaho ya leƙo daga bakinsa. Na tsaya ina bin tulun da ido har jiri ya fara ɗibata, sannan kunnena ya farga da abin da ke fita. Goge ne, irin wanda aka hana mu tsayawa saurare tun muna yara. Amma akwai wani ƙaho da ke biye da shi, ya tsere masa, ya dawo ya same shi, jita mai lantarki tana gurnani a ƙarƙashi, kalangu da gangunan Turawa suna ta ba juna amsa. Na jira a fara waƙa, a ambaci wani mai kuɗi ko basarake. Har faifan ya ƙare ba a kira sunan kowa ba.

Wannan a farkon shekarun saba'in ne, garinmu yana amsa sunansa na Abuja, kafin a karɓe sunan a kai wa daji a bar mana Suleja. Ni bazawara ce a lokacin, shekaruna ashirin da 'yan kai, ina zaune a gidan mahaifinmu, wanda ya koma hannun yayana bayan rasuwarsa. Abin da na sani game da duniya daga 'yan ƙananan littattafan soyayya na samo shi, waɗanda 'yan kasuwar Kudu ke shimfiɗawa a ƙasa kusa da tasha. Nakan saya in sa a cikin littafin lissafi in karanta. A cikinsu kowane baƙo mai shiru yana da tarihi mai ban tausayi, kowace budurwa tana riƙe da wani sirri, kuma komai yakan daidaita a shafi na ƙarshe. Na yarda da su kamar yadda ake yarda da likita. Na faɗi wannan ne domin a san irin matar da aka ba amana.

Mai shagon ya fito yana goge hannu da tsumma. Mutumin Kudu ne, Kirista, dogo, ba shi da yawan magana. Ya gudu lokacin tashin hankali, ya dawo bayan yaƙi ya sake kafa benci yana gyaran rediyo. Kafin nan ya yi shekaru yana busa a otal-otal na Ikko. Ƙahonsa shi ne wanda ake kira saksafon, don haka kowa a layin Mai Ƙaho yake ce masa. Ya tambaye ni ko zan saya. Na ce ban ma san sunan abin da na ji ba. Ya ce a Ikko jaz suke cewa, amma wannan jaz ne da ya ci tuwo ya kwana a nan.

Shi ya buga faifan da kansa. Ban gane ba sai da ya yi mini bayani. Manyan kamfanonin Ikko sun saurara sun ce ba zai sayu ba sai an sa mawaƙi, ko a cire gogen, ko a cire ƙahon. Sai ya ce to su riƙe kamfaninsu. Ya sayi tsohuwar rikoda mai zare daga hannun wani Bature da zai koma gida, ya roƙi wani mai zanen allon shaguna ya zana masa tulun, shi ke nan kamfani ya kafu. Ofishinsa benci ne, ma'ajiyarsa kwalin sabulu. Yakan ɗauki kiɗan a nan, ya hau mota da zaren a ƙirjinsa zuwa Ikko, ya bi layi a masana'antar da ke matsa faifai, ya dawo da 'yan ɗaruruwa. Direbobin manyan motoci ke kai su Kaduna da Jos da Minna.

Yau akwai masu zuwa daga sabuwar Abuja da manyan tabarau suna gaya mini darajar wannan kamfani. Ina sauraronsu raina yana tafasa. Iyayensu ne suka riƙa toshe kunne in sun zo wucewa ta layin.

Na shiga aikin ne ta dalilin rubutu. Bayan kwalin faifan farko babu komai, fari fat. Na ce masa wannan kamar amarya ce ba lalle. Ya ce in na iya in rubuta. Na koma gida na cika shafi biyu da wata da taurari da zuciyar da ke kuka, yadda na koya a littattafaina. Ya karanta a tsaye, bai yi dariya ba, ya ɗauki fensir ya soke kusan duka, ya bar layi huɗu. Tun daga ranar ni ke rubuta bayan kowane faifai, da Hausa da Turanci, ni ke manna takardar tulu, ni ke rubuta abin da ke kan kowane zare a jikin kwalinsa. Ba a taɓa sa sunana ba, don ni na hana, saboda Yaya.

Mai gogen tsoho ne, muna ce masa Baba. Ya yi rayuwarsa yana kiɗa a gidajen da mutanen kirki ke cewa ba sa zuwa, alhali ya san takalmin kowannensu. Ni yake kira amaryarsa, irin wasan kakanni. Shi kuwa Mai Ƙaho, ɗan coci yake ce masa. Dokar kamfanin guda ce, ba a yabon kowa a faifai, kuma Baba bai taɓa daina ƙorafi a kanta ba.

"Ɗan coci," in ji shi, "shekara hamsin ina goge, ban taɓa ganin kiɗan da ba shi da ubangida ba sai a wurinka. In ba ka kira sunan mutum ba, wa zai tuɓe riga ya ba ka?"

"Baba, wanda ya ba ka riga, gobe shi zai gaya maka inda za ka tsaya."

"To ai gara ya gaya mini ina cikin riga. Amarya, ki shaida, tsirara yaron nan zai binne ni."

Yana faɗa yana shafa ƙaro a izgar gogensa, kuma bai taɓa fashin zuwa ba.

A wani tsohon zauren ƙasa bayan shagon ake ɗauka, ranar Asabar da hantsi. An rataye buhunan algarara a bango don kada sauti ya yi amsa-kuwa. Wutar gari ba ta da tabbas, don haka da batirin mota ake aiki. Makirfo guda ne tak. Mai Ƙaho yana da igiya mai ƙulli biyar, yakan ɗaura ta a ƙafar makirfon ya ja, kowa ya zauna a ƙullinsa. Baba a na farko, mai jita a na biyu, shi a na uku, mai kalangu a na huɗu, mai gangunan Turawa can na biyar, rabin jikinsa a waje. Wanda ya matso da taƙi ɗaya ya ɓata aikin kowa. Ba a gyara, ba a haɗi. In zakara ya yi cara a tsakiya, ko a sake daga farko ko a bar shi a ciki. Akwai faifanmu na uku da zakaran maƙwabta yake ciki, kuma ya shigo daidai inda ya kamata. Da an ji kiran sallar azahar sai a kashe rikoda, shi da kansa yake fara ajiye ƙaho.

Ni ina zaune a dokin ƙofa da agogo, in ɗaga hannu in zaren ya kusa ƙarewa. Daga nan nake kallonsa. In ya rufe ido yana busa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai in ga duk jaruman littattafaina a jikinsa. Na saƙa mana labari tun daga farko har ƙarshe, da hawayensa da sadaukarwarsa. Shi bai san ana yi ba. Yana da mata a garinsu da 'ya'ya biyu, hotonsu na manne a jikin akwatin kayan aikinsa. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malama.

Zaren da aka ɗauki kiɗa a kai muna kiransa uwa, domin daga gare shi ake haifar faifai. In faifai ya ƙare a kasuwa, da uwar ake komawa Ikko a sake matsawa. In babu uwa babu kamfani. Shagonsa kuwa rufin kwano ne, in rana ta take sai zaren ya fara mannewa. Ɗakina na ƙasa ne, ginin kakanmu, mai kaurin bango, ko a bazara da sanyinsa. Ni na kawo shawarar a ajiye su a wurina. Muka sayi randa uku sababbi, muka zuba gawayi a gindinsu don ya tsotse laima, muka jera kwarkwaron zaren kowanne cikin kwalinsa, muka rufe da kasko da ƙyalle. A cikin kwandon littattafan 'yan makaranta na riƙa shigo da su gida, biyu-biyu.

Ranar da na ɗauki na ƙarshe ya ce mini, "Malama, yayanki ya sani?"

Na ce ya sani.

Ƙarya na yi. Yaya ɗan kasuwa ne mai rumfar yadi, sahun gaba a masallaci, mutumin da ko rediyo ba ya buɗewa sai don labarai. Da na gaya masa, da ya yi faɗa, da wataƙila ya ce in fitar da su, da an nemi wani wuri. Iyakar abin da zai faru ke nan. Amma ni ba tsoro kaɗai ya hana ni ba. Daɗin sirrin nake ji. In na kwanta in dubi randunan nan uku a kusurwa sai in ji ni ma na zama wata a cikin littafi, mai ajiyar ran wani a ɗakinta. Da matar Yaya ta tambaya, na ce tsofaffin takardun makaranta ne.

A shekarar da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a gefenmu, Baba ya fara tari. Ya rame har gogen ya zama kamar ya fi shi nauyi. Shi da kansa ya zo ya ce a yi babban faifai, ba irin ƙananan da muka saba ba, mai cin gefe biyu dogaye, domin akwai kiɗe-kiɗen da ya koya wurin maigidansa tun yana saurayi, babu sauran wanda ya iya su. Asabar huɗu muka yi muna ɗauka. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba zan ƙara ji ba. Akwai inda kowa ya yi shiru aka bar goge da ƙaho su biyu, suna tafiya a hankali kamar tsofaffi biyu a hanyar gona, har mai kalangu ya manta da kansa ya sunkuyar da kai. Da muka gama, Baba ya jingina da bango yana haki, ya ce:

"Ɗan coci, ba ka ba ni riga ba. To wannan ce rigata. Ka tabbata ta fita."

Mai Ƙaho ya durƙusa ya kama hannunsa ya ce zai fitar.

Baba ya rasu kafin damina. Kwarkwaro uku aka samu daga aikin, suka shiga randa ta uku. Mai Ƙaho ya je Ikko neman layi, aka ce manyan kamfanoni sun cika injin, masu ƙaramin aiki sai bayan kaka. Ya dawo ya ci gaba da gyaran rediyo yana jira. Na rubuta bayan kwalin tun kafin lokaci, wannan karon bai soke ko layi ɗaya ba.

Garin kuwa ya haukace. Masu awon ƙasa da 'yan kwangila da leburori suka cika ko'ina, kowa na neman wurin kwana. Mutane suka riƙa fitar da awaki suna shafa farar ƙasa a garke suna kiransa ɗaki. Ana cikin haka aka tura ni kwas na malamai a Minna, na tsawon hutun damina. Na kulle ɗakina da kwaɗo na tafi da mabuɗi a jakata, hankalina kwance.

Da na dawo ban gane ƙofata ba. An fasa wata ta waje, an toshe ta cikin gida. Na leƙa na ga gadajen ƙarfe uku da takalman roba da ƙafafun na'urar awon ƙasa jingine a bango. Kayana an tara su a ɗakin matar Yaya. Randunan kuma suna tsakar gida a ƙarƙashin mangwaro, cike da ruwan sha, da moɗa a kan kowacce.

Na sami Yaya a zaure yana cin abinci. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na tambaye shi ina abin da ke cikin randunan. Bai ɗago ba. Ya ce ɗakin gidan ubansa ne, baƙi sun zo da buƙata, ni kuma mace ɗaya ba sai na riƙe soro guda ba. Na ce ba ɗaki nake tambaya ba.

"Au, takardun makarantar?" Ya ɗago ya dube ni. "Na buɗe na gani. Na iya karatu, ai ba ke kaɗai aka sa boko ba. Rubutunki ne a jikin kowane kwali. Goge, ƙaho, kalangu. A ɗakin da kakanmu ya sauke Alƙur'ani."

"Yaya, amana ce. Ba nawa ba ne."

"Amanar wa? Wa ya zo ya yi mini sallama ya ce ga ajiya? Ke kika ce takardu ne. Ni kuwa ban ƙona ba, ban zubar ba. Na ba wanda zai amfana."

Yaya yana da fadama a Maje, can bayan gari, wani manomi Bagwari ke noma masa shinkafa ana raba amfani. A shekarar, tsuntsayen jan-baki sun addabi kowa. Manoma sun gano cewa in aka ja zaren rikoda a kan gona, yana ƙyalli a rana yana kuka a iska, tsuntsu ba ya sauka. Guntaye suke tsinta a bola a bayan shagunan masu gyara. Yaya kuwa ya aika wa nasa manomin buhu guda cur, har da saƙon cewa ya raba wa maƙwabta in ya yi saura.

Da a ce bai san mene ne ba, da tuni na yafe. Ya sani. Ya karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ga ranakun, ya ga inda na rubuta cewa wannan ne aikin Baba na ƙarshe. Shagon Mai Ƙaho tafiyar minti biyar ce daga gidanmu. Da ya aika a ce masa ya zo ya kwashe tarkacensa, ko ya jefo su titi, da mun tsince. Ya zaɓi hanyar da babu dawowa, kuma ta inda shinkafarsa za ta tsira. Har ya mutu yana ba da labarin a zaure a matsayin dabara, wai ya mai da kayan shaiɗan abin neman halal, mutane suna dariya suna cewa Alhaji akwai basira.

Tafiyar minti biyar ɗin nan ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Na sami Mai Ƙaho ya buɗe bayan wata rediyo. Ya yi mini sannu da zuwa, ya jawo wasiƙa daga aljihu yana murmushi, masana'anta sun matso masa da ranar, sati biyu masu zuwa. Na tsaya a kansa na faɗi abin da ya faru, ban san da wane baki ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya rufe shago, ya tayar da babur. Ni na bi a motar kasuwa.

Da la'asar na isa. Tun daga kan tudu na hango fadamar tana walƙiya. An kakkafa sanduna, an ja zaren daga wannan zuwa wancan, layi a kan layi, gona bayan gona, har inda ido ya tsaya. Iska na kaɗawa, zaren na wani irin kuka siriri. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne ya yi kyau. Zuciyata ta banza, wadda littattafai suka lalata, sai da ta fara cewa kai, wannan abin rubutawa ne, kafin na tsine mata.

Mai Ƙaho yana cikin gonar, ruwa har gwiwa, wandonsa ya ɓaci da taɓo. Yana bin zaren da yatsu biyu. Sati shida ke nan rana na dukan zaren ruwa na wanke shi. Garin nan mai launin ruwan ƙasa da ke jikin zaren, wanda shi ke riƙe da sauti, yana fita a yatsunsa kamar tsatsa, ya bar leda fara. An yayyanka, an ƙuƙƙulla a jikin sanduna, an haɗa na shekarar farko da na Baba, ba a san wanne ne wanne ba. Kwarkwaron kuwa yara sun mai da su tayar mota.

Manomin ya zo yana ta fara'a, bai san komai ba. Ya ce Allah ya yi wa Alhaji albarka, bana ko tsuntsu ɗaya bai taɓa gonar ba, maƙwabta har roƙo suke zuwa. Da ya ga fuskokinmu ya tambayi ko lafiya. Na gaya masa a taƙaice. Bawan Allah ya cire hula ya fara kwance zaren daga sanda da hannunsa, yana cewa a kwashe duka. Mai Ƙaho ya riƙe masa hannu ya ce ya bari, shinkafa ta kusa nuna, kada a yi asara biyu.

Na so ya yi ihu. Na so ya zage ni, ya je ya shaƙe Yaya a rumfarsa, ya kai ƙara wurin alƙali. Amma ɗan Kudu ne mai haya a garin da ya taɓa gudu daga cikinsa da rigar jikinsa, ya san iyakar muryarsa. Wa zai tsaya masa a kan zaren goge? Ya fito daga ruwan ya tsaya kusa da ni yana goge yatsunsa a riga.

"Malama, na tambaye ki ko ya sani."

Na ce haka ne.

"Me ya sa?"

Ta yaya zan ce wa mutumin da na kashe wa aikin shekara shida, na sa ya karya alkawarin mamaci, wai daɗin sirri nake ji? Ya jira kaɗan. Da bai ji komai ba ya hau babur ya tafi.

Washegari na tattara littattafan soyayyar nan gaba ɗaya na cusa su a murhu, matar Yaya ta dafa wake da su. Ban ji sanyi ba ko kaɗan. Kafin wata ya ƙare na nemi canjin wurin aiki na bar gidan, kuma ban ƙara kwana a cikinsa ba. Ina zuwa gaisuwar salla, in durƙusa in ce Yaya ina wuni, ya ce lafiya, shi ke nan abin da ya rage tsakaninmu har ƙasa ta rufe shi. An yi ta ba ni baki cewa jini ya fi zare. Masu faɗar haka ba su zauna a dokin ƙofar zauren nan ba.

Kamfanin bai ƙara fitar da komai ba. Faifai shida ƙanana, su ne duk abin da ya bari a duniya, kuma da suka ƙare babu uwar da za a koma wa. Mai jita ya tafi Kaduna, mai kalangu ya koma bin 'yan kwangila yana kiran sunayensu a wuraren biki, ya yi riguna har ya rasa inda zai sa. An rushe zauren an yi shaguna. Ni kaɗai nake da takardar da na rubuta don bayan babban faifan, tana nan a akwatina, bayanin kiɗan da babu wanda zai ji. Wani lokaci ina wanke-wanke sai wani yanki ya zo mini, inda goge da ƙaho suka rage su biyu, in bi shi da hanci, sai ya tsinke a wuri ɗaya kullum. Abin da ya biyo baya ya tafi.

Shekaru da yawa bayan haka wasu samari suka zo nemana da wani Bature. Yana riƙe da faifanmu na uku a cikin leda kamar jariri, wai a wata kasuwar tsofaffin kaya ya same shi a ƙasarsu, wai masana suna cewa ba a yi irinsa ba a lokacin. Suna neman uwayen zaren su sake fitarwa. Ɗan Yaya ne ya rako su, yana ta gaya musu da Turanci cewa ai a gidansu aka adana kayan kamfanin, mahaifinsa mai son al'ada ne. Na dube shi har ya yi shiru. Na ce musu su je Maje su tambayi tsuntsaye, in ma sun sami fadamar, don yanzu gidaje ne a kanta.

Suka roƙi in kai su wurin Mai Ƙaho. Haya ta kore shi daga Magajiya tun tuni, ya koma ƙauyen Garam, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Ikko. Na yi shekaru ina sanin inda yake ban je ba. Mun same shi a ƙofar ɗaki guda, ya tsufa, kunne ɗaya ya mutu, yana gyara wata fitila mai caji. Ya gane ni nan take, ya ce Malama, ya sa aka kawo mini kujera. Baturen ya miƙa masa faifan. Ya juya shi, ya shafa ɗan tulun da babban yatsa, ya mayar masa. Suka yi ta tambaya, yana amsawa da e da a'a. Da suka tambayi ƙahon, ya ce ya ba wata coci tun shekarar, bai ƙara busawa ba. Suka ce me ya sa, ga shi da baiwa. Ya ce akwai wanda ya yi wa alkawarin riga bai ba shi ba.

A bayan ɗakinsa akwai 'yar gonar dawa, ba ta fi tabarma goma ba, ta yi kai, tsuntsaye sun lulluɓe ta suna ci. Ɗaya daga cikin samarin ya ce Baba ai sai ka ja zaren kaset, yana korarsu. Maƙwabciyarsa da ke tsaye ta ce sun gaji da gaya masa, kowace shekara haka yake shukawa su cinye. Shi dai ya ci gaba da gyaran fitilarsa. Bayan damina biyu aka aiko mini cewa ya rasu, 'ya'yansa sun zo sun tafi da gawar garinsu.